Wallahi da Hannuna Ban Saka Ta a Ruwa Ba

A ofishin karɓar kayan garanti, wanda yake fara isowa tun mai shara bai gama ba shi ne Malam Ajiyau. Yana tafe da baƙar leda, a cikinta akwai wata ledar, a cikin wannan kuma kwalin waya fes, da igiyar da aka ɗaure caja da ita, da ɗan tsinken nan na cire sim wanda sauran jama'a suke batarwa tun a shago. Rasit ɗinsa an manne shi cikin roba, ga kwafi biyu, ga lambar IMEI duka sha biyar ya rubuta a bangon littafinsa. Abin haushin shi ne kayan Malam Ajiyau ba sa lalacewa. Ya zo ne kawai ya ji saura kwana nawa garantinsa ya ƙare.

A bayansa sai Mantau. Kwalin wayarsa yara sun mayar da shi asusu, rasit kuwa uwargida ta hura gawayi da shi ranar da iskar gas ta ƙare. Duk hujjar da ya zo da ita ita ce fuskarsa: "Haba 'yar nan, ba ki gane ni ba?" Tsakanin waɗannan biyun akwai wani rukuni na mutanen kirki, masu hankali, waɗanda suka adana rasit da kyau a durowar mota. Sai dai rasit ɗin irin na inji ne, siririyar takardar nan mai santsi da zafi yake cinye rubutunta. Ta sha zafin Afrilu, suka warware ta a gaban kanta, fara ƙal. Kada a tambaye ni yadda aka yi na san irin kallon da ma'aikaciyar take yi wa mutum a lokacin.

Amma wanda nake biyan kuɗin mota don in gani shi ne Alhaji. Babbar riga, carbi, jikansa ɗan shekara bakwai riƙe da hannunsa. Zai ajiye wayar a kan kanta a hankali, fuskarsa ɗauke da mamakin mutumin da aka zalunta.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ya same ta?"

"Ai abin da na zo ka gaya mini ke nan, ɗana. Na kwanta tana lafiya lau, na tashi sallar asuba na tarar ta yi gum."

"Ba ta faɗi ba?"

"Ko kusa."

"Ruwa fa?"

A nan ake gane gwaninta. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah, ba zai rantse a kan ƙarya ba. Saboda haka sai ya zaɓi gaskiyar da take maƙwabtaka da tambayar, ya rantse a kanta: "Wallahi tallahi da hannuna ban saka ta a ruwa ba."

Yaron da yake karɓar kaya ba ya musu, ya saba. Zai zaro mazubin sim, ya haska ciki da 'yar fitila. Akwai wani ɗan farin tambari da kamfanoni suke liƙawa a cikin waya, wanda da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya koma ja, kuma ba ya komawa fari ko da an shanya wayar sati guda a kan kwano. Na Alhaji ya yi jawur. Sai yaron ya sa tsinke a ramin caji, ya zaƙulo ƙwayar shinkafa.

"Baba, wannan fa?"

"Ka san gidan iyali."

Kowa a benci ya san abin da ya faru, domin kowa ya taɓa jin maganin nan na binne jiƙaƙƙiyar waya a buhun shinkafa. Amma ba wanda zai yi tari. Daga nan labari zai fara saukowa mataki-mataki. Wataƙila gumi ne, ka ga yanayin garin. Wataƙila raɓa ce, don ya kwana a tsakar gida. Af, ya tuna, shekaranjiya wurin alwala buta ta ɗan yi tsartuwa, amma ɗigo ne, bai kai a faɗa ba. Ana cikin haka jikan, wanda tun ɗazu yake wasa da igiyar labule, zai ɗago kai: "Alhaji, ba ita ce ta faɗa bokitin wankin Inna ba, har Inna ta tsamo ta da ludayi?"

"Kai, wa ya sa da kai?"

Wani zai ce nan aka gama. Ina! Alhaji zai gyara zaman hula ya sauya fage gaba ɗaya. Kamfanin da ya iya ƙera waya mai ɗaukar hoton wata, ashe ya kasa ƙera wadda za ta jure bokiti ɗaya? Wannan ai aibin ƙira ne, kuma aibin ƙira garanti yake ɗauka, ko ba haka takardarku ta ce ba? Idan wannan ma ba ta ci ba, sai ya tambayi kuɗin gyara cikin fara'a, ya nemi ragi, ya sa wa yaron albarka, ya ja jikansa suka fita, yana yi masa alkawarin ba zai sake zuwa da shi ko'ina ba. Mutumin nan a kasuwa ba zai tauye maka mudu ba, in ka manta canji zai aiko maka har gida. Kawai dai a lissafinsa kamfani ba mutum ba ne, ba shi da fuska, ba za su haɗu a masallaci ba.

Ƙaninsa a wannan sana'a shi ne wanda ya fara kai wayar wurin mai tebur a bakin hanya, aka ɓalle hatimi, aka rufe ta ba ƙusa biyu, sannan ya taho yana cewa tun da aka ƙera ta ba a taɓa buɗe ta ba. Ba shi da fasahar Alhaji, minti biyu ake sallamarsa.

Sai masu lissafin kwana. Wa'adi dai a rubuce yake: Tecno da Infinix da itel wata goma sha biyu da ƙarin ɗaya, Samsung wata 24 a wayoyinta, Apple shekara guda, kuma sau da yawa wa'adin caja da batir bai kai na uwar wayar ba. Amma mai lissafi yana da nasa kalandar. Ya saya da azumi, gaskiya ne, amma bai fara amfani da ita ba sai bayan Babbar Sallah, don haka daga nan ya kamata a ƙirga. Da aka ce masa daga ranar saye ake ƙirgawa, sai ya nemi a cire masa makonni ukun da ya yi a ƙauye ba sabis. Akwai kuma ɗan'uwansa mai haƙurin jira, wanda wayarsa take da 'yar matsalar lasifika tun watan farko amma ya ƙi kawowa sai ana gobe wa'adi zai cika, da zaton za a miƙo masa sabuwa dal a leda. Aka canja masa lasifika, ya tafi yana cewa an cuce shi.

Cikin masu lissafin, amarya ce kaɗai ba na yi wa dariya. Mahaifinta ya ga kaya kullum tashi suke, ya sayi firji da talabijin na kayan ɗaki wata takwas kafin biki, aka jibge su a ɗakin kaka. Dangin ango suka nemi a ɗaga biki. Ranar jere aka yage kwali, injin firjin ya yi wata biyu ya tsaya, garanti kuwa ya daɗe da ƙarewa a cikin kwali. Ta zo da ƙanwar babanta, lalle bai gama goge mata a ƙafa ba, ana yi mata bayanin kwanan wata.

Hajiya mai tsarabar Makka ba ta ɗaukar lokaci: garantin wayarta na can ne, nan sai dai ta biya. Takan tafi tana mamakin yadda abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki zai rasa mai tsaya masa a Kano. Mai "ka san ko ni wane ne" shi ma lamba ake ba shi, ya zauna kusa da Mantau. Sai mai sirri, wanda aka ce ya cire sim da memori, ya kwashe hotunansa don za a iya goge komai, sannan ya cire makullin allo. Yakan koma kusurwa ya juya wa jama'a baya, yana share-share yana gumi, har a kira lambarsa sau uku. Mai haƙuri kuwa ba a ganinsa a layin ko kaɗan. A wurin ɗan maƙwabcinsa ya sayi fanka, ta lalace, kunya ba za ta bar shi ya mayar ba, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya tura ta ƙarƙashin gado wurin 'yan'uwanta.

Duk waɗannan mutanena ne, ina sonsu. Wanda ba na yafe wa ba ya zuwa layin, aiko mutane yake yi. Shi ne mai shagon da in ka nemi takarda sai ya dafa ƙirji: "Haba Malam, wace takarda? Ai ni ne garanti. Ko tari ta yi ka dawo mini da ita." In ka matsa ya yago maka rasit ba kwanan wata, ba lambar IMEI, sai "waya ɗaya" da kuɗi, a ƙasa kuma an buga da ƙananan haruffa cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ba duka 'yan kasuwa ba ne. A kasuwannin waya na Farm Centre da Beirut a Kano akwai waɗanda tun kafin ka tambaya za su sa ka buga *#06#, su gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, su rubuta ta a rasit. Shi kuwa mai dafa ƙirjin nan ya san abin da yake yi. Ya san tsohuwar waya ce aka sauya wa riga, aka mayar kwali, aka naɗe da leda aka bi da zafi. Ya kuma san waɗanda yake sayar wa: ɗan adaidaita da ya kwashi adashensa, da tsohuwar da za ta riƙa jin muryar ɗanta da yake ci-rani a Legas, mutanen da a wurinsu neman takarda daga dattijo rashin kunya ne.

Na zauna kusa da irin wannan ɗan adaidaitan. Sati uku da sayen wayar ta daina kama caji. Ya koma shago, mai dafa ƙirji ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi ba ya ƙera waya, ya tafi kamfani. A kamfani aka shigar da lambar a kwamfuta, aka ce masa an fara kunna wayar nan fiye da shekara guda da ta wuce, ba sauran garanti. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, bai jefa ta a bokiti ba, shi ne kuma ya fita ba komai a hannu, ya yi asarar aikin yini a kan asarar kuɗi. Dokar kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da aka same su da aibi, kuma hukumar ta sha nanata cewa rubutun "ba a dawo da kaya" ba ya soke wannan haƙƙi. Kano ma tana da tata hukumar. Amma hukuma hujja za ta nema, hujjar kuwa ita ce mai shagon ya hana tun ranar farko, da murmushi da "Allah ya sa albarka". Alhaji da bokitinsa bai cuci kowa ba, ƙarshenta ma shi ya biya. Mai shagon kuwa amana yake sayarwa, ya kuma san wa zai zaɓa.

Kwanan baya na raka wani ƙanina shagon irin mutumin. Aka yi ciniki, na buga lambar a gabansa, na ce ya rubuta ta a rasit tare da kwanan wata da sunan shago. Ya ɓata rai: "Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce Allah ya ba shi haƙuri, ya dai rubuta. Ya laluba aljihu, ya buɗe durowa, ya tambayi yaronsa, sannan ya ce ikon Allah, biron shagon tun jiya ya ƙare. Na ciro nawa.