Ku da Kuka Fi Likita Sani

Na san ku sarai, 'yan majalisar mai shayi a Keffi. Da an ce likitoci na bincike kan cututtukan da ke kwantar da yara a asibiti, sai Kawu ya taɓe baki: "Binciken me? Tari dai sanyi ne, zawo haƙori ne, zafin jiki kuwa maleriya." Madalla, Kawu. Ashe asarar kuɗi aka yi wajen gina Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin nan. Da kai aka ba farar riga, da kowa ya huta.

To ga tambaya, ban da satar amsa. Sau nawa jikanka ke numfashi a minti ɗaya? Shiru kake ji. Kai da ka haddace farashin fetur tun zamanin Abacha, ka san awa nawa cunkoson Mararaba ke cinye wa mai zuwa Abuja, amma wannan ƙidayar ta gagare ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. Ka bari ya natsu, ka ɗage rigarsa, ka dubi ƙasan haƙarƙarinsa. In wurin na lotsawa duk sa'ad da ya ja iska, ajiye man zafi, a nemi abin hawa. Masu binciken da kake wa dariya ne suka zauna gefen gadon yara suna ƙirgawa har aka samo waɗannan lambobi.

Wannan "sanyin" naka, nimoniya, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, inji UNICEF. Har Indiya muka wuce.

Gwaggo kuma ta ce ita kyamis ya ishe ta. Sannu, Hajiya likita. Wani bincike mai suna PERCH, da aka yi a ƙasashe 7 har da Mali da Gambiya, aka fitar a 2019, ya gano kusan kashi 60 cikin 100 na nimoniya mai tsanani ƙwayoyin bairos ne ke jawo ta, RSV a kan gaba. Kafso ba ya kashe su. Wani yaron amoksisilin yake buƙata, wani iskar oksijin, kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ce ke nunawa, ba idon mai shago ba.

"Ka manta Pfizer a Kano?" Ban manta ba, Malam, nan kam da gaskiyarka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada Trovan a kan yara, 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin. Don haka in an kawo maka takardar shiga bincike, ka tambayi me za a ɗiba, me za a yi da shi, kuma kana da ikon cewa a'a a ci gaba da duba ɗanka. Sai dai mai lasifikar nan na ranar kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da taifod da tarin yara, ban taɓa jin ka tambaye shi takarda ba.

Rigakafin nimoniya kuwa ya shigo ƙasar nan tun Disamban 2014, kyauta, a mako na 6 da na 10 da na 14. Kawu, ɗauko mana katin jikan naka mu gani. A'a, wannan rasit ɗin babur ne.