Amarya Mai Shekara 25

A Amurka, yawancin motocin da ba a ƙera don ƙasar ba, doka ba ta bari a shigo da su sai sun cika shekara 25. Shi ya sa a 2014 masoya Nissan Skyline GT-R ƙirar 1989 suka yi ta rawar jiki, sai ka ce amarya aka kawo. Wani maigida ya shigo da tasa. Sitiyarinta a dama yake, wajen biyan kuɗin hanya sai ya yi rarrafe kan kujera. Ko a jikinsa! Damuwarsa ɗaya, wai ƙarfin doki 276 ya yi kaɗan. Sai ya ƙara wa tagwayen turbo iska. Fankar cikinsu kuwa ta tangaran ce, nan take ta tarwatse. Yanzu motar na gareji ana jiran kaya daga Japan, maigida kuma na zuwa aiki a Corollar uwargida.