Gwajin Kaki da Lagwani ga Masu Haɗa Kyandir Mai Ƙamshi a Garwa

Kyandir mai ƙamshi zaman gida ne na abubuwa uku: kaki, lagwani da turare, sai mazubin da ya zame musu ɗaki. Wuta takan narkar da kakin da ke gindin lagwani, lagwani ya tsotso shi sama kamar yadda bakin zane ke shan ruwa idan ya taɓa kududdufi, zafi ya mai da narkakken kakin tururi, tururin nan kuwa shi ne ke ci. Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya tara yara a Landan ya yi musu lacca har shida a kan wannan al'amari kaɗai, aka buga su littafi a 1861. Idan lagwani ya kawo wa wuta abincin da ya fi cikinta, sai ta yi aman hayaƙi. Idan ya kawo mata kaɗan, sai ta rame ta mutu. Gwaji shi ne neman lagwanin da zai ciyar da ita daidai, kuma ba a gane shi da ido sai an kunna.

A kasuwar Garwa an fi jin sunan buji a bakin masu shago, kalmar da Faransawa suka ɗauko daga Bejaya, garin gaɓar teku a Aljeriya wanda ya yi suna da fitar da kakin zuma zuwa Turai. Bujin shago fari ne, ba ƙamshi, aikinsa haske ne kawai a daren da wuta ta ɗauke, musamman da rani idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo. Wanda ake haɗawa a gida kuwa an ɗora masa nauyi biyu: ya haskaka ɗaki, ya kuma yi gogayya da turaren wuta a garin da mata suka san ƙamshi tun suna goye.

Kakin da ya fi sauƙin samu shi ne farafin, wanda ake fitarwa daga man fetur. Yana riƙe turare sosai, yana kuma da araha, amma iri-iri ne: wani yana narkewa tun daga digiri 46, wani sai ya haura 60. Kakin zuma ya fi shi taurin kai, ba ya narkewa sai wajen digiri 62 zuwa 64, kuma ba shi da nisa da Garwa, domin tudun Adamawa, daga Ngaundere zuwa Ngaundal, ƙasar zuma ce. Akwai kuma kakin waken suya da ake shigowa da shi daga waje, mai laushi, wanda masu koyar da sana'ar a ƙasashen sanyi suke yabo ƙwarai. Sai man kaɗe, wanda zafin jikin mutum ma kan narkar da shi. Shi kam ɗan rakiya ne, ana ɗiga kaɗan don a tausasa kakin zuma, amma ba a ba shi ragamar gida.

Jarrabawar farko ba ta buƙatar ashana. Ana zuba kowane kaki a ƙaramin gwangwani, a bar shi ya daskare, a ajiye shi yini guda a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma inuwar darbejiya ke cika da mutane tun hantsi. Da la'asar sai a duba. Wanda ya yi gumi ya tsatso da mai a samansa ya faɗi. Dogon kyandir da aka tsayar da safe aka tarar ya durƙusa kamar mai gaida Lamiɗo shi ma ya faɗi, duk da ladabinsa. Wanda ya tsallake wannan sai a sa shi a leda a ba mai moto ya kai shi unguwar Rumde Ajiya da tsakar rana ya dawo da shi. Kakin da ya dawo da kamanninsa ya cancanci a sayo masa turare. Sau da yawa mafita ita ce gauraya: a ƙara wa kaki mai laushi kashi ɗaya na kakin zuma cikin huɗu ko biyar, a sake aika shi wannan tafiya.

Kakin zuma yakan zo da datti: ƙafar ƙudan zuma, ɓawon itace, ragowar zuma, wani lokaci har da yashi. Ana narkar da shi cikin ruwa, a tace da tsohon ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya huce; kakin zai taso ya daskare a sama, dattin ya kwanta a ƙasa a kankare. Kakin da ba a tace ba yana toshe lagwani, sai a yi ta zargin lagwanin alhali ba shi da laifi. Tukunyar baƙin ƙarfe tana duhunta launinsa, don haka langa ko tukunyar silba ta fi. Wannan aiki kuma da dare ake yinsa. Duk wanda ya dafa kakin zuma da rana a tsakar gida zai ga masu kayan sun biyo ƙamshi sun zo da danginsu, kuma ba sa karɓar bayani.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ana sa shi a ƙaramar tukunya, a sa ƙaramar cikin babba mai ruwa, ruwan ne zai narkar da shi a hankali. Tukunyar da ta shiga wannan aiki ta yi ban kwana da miya har abada, saboda haka ya kamata a nemi izinin uwargida kafin a ɗauka.

A wajen lagwani ne aikin ya fi daɗi, a nan ne kuma ya fi cin rai. Garwa ba ta da uzurin rashin auduga: nan ne hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, nan ne kuma kamfanin yadi na Cicam ya kafa masaƙarsa. Sai dai ba kowane farin zare ne auduga ba. Ana gane gaskiyarsa da ashana: zaren auduga yana ci ya bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, na roba kuwa yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin dutsen ado. Na biyun ba ya shiga kyandir ko da kyauta aka bayar. Lagwanin fitilar ƙwai da na risho sun yi faɗi, an yi su ne don kananzir. Igiyar abin goge daɓe ma takan ja hankalin sabon shiga, domin ga ta fara, ga kauri, ga ta kusa. A bar ta ta ci gaba da aikin da ta sani.

Zaren da aka murɗa kawai yana tsayawa ƙiƙam a tsakiyar wuta, kansa ya yi ta tara gawayi. Haka mutanen zamanin baya suka yi ta fama, kowane ɗan lokaci sai an tashi da almakashi an datse. A 1825 wani Bafaranshe mai suna Cambacérès ya fito da lagwanin da aka kitsa. Kitsattsen lagwani yana lanƙwasa kansa zuwa gefen harshen wuta, inda iska ta fi yawa kuma zafi ya fi ƙarfi, sai kan ya cinye da kansa. Wannan hikima ba za ta ba matan Garwa mamaki ba. Duk wadda ta iya kalaba ta iya lagwani: a raba zare gida uku, a kitsa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ƙirga silin da ke cikin kowane kitso, misali 9, 15 da 21, a rubuta. Daga nan a tsoma kitson cikin narkakken kaki, a miƙar da shi ya bushe ya sandare. Kakin zuma, saboda kaurinsa, yana son lagwanin da ya fi na farafin kauri a mazubi iri ɗaya.

Ƙa'idar gwaji guda ce, kuma ita ce aka fi karyawa: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. A samo gwangwani uku masu girma ɗaya, na tumatir ko na madara, a wanke a busar. Kaki ɗaya, awo ɗaya, lagwani uku daban-daban. A tsayar da kowane lagwani a tsakiya, a ɗaure kansa jikin tsinken tsire da aka gitta a bakin gwangwani. A rubuta lamba a gindin kowanne, a kuma rubuta ta a littafi tare da kwanan wata. Mai cewa zai riƙe a ka, zuwa jibi zai tarar da gwangwani uku masu kama da 'yan uku, ɗaya ya yi kyau matuƙa, bai kuma san da me ya yi shi ba. Wanda ya canza kaki da lagwani da turare a zubi ɗaya kuma kamar mai ciwon ciki ne da ya sha magani uku a tare: ya warke, amma bai san wa zai gode wa ba.

Bayan sun kwana biyu sun daskare sosai, a datse kowane lagwani ya rage kamar rabin santimita, a jera su nesa da juna, a kunna. Dole a rufe taga a kashe fanka, domin iska tana karkatar da wuta ta ɓata sakamako. Zaman awa huɗu a rufaffen ɗaki a Garwa da bazara ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa masu dabara ke farawa bayan sallar asuba, da butar shayi a gefe.

Cikin awa biyu zuwa uku kowane lagwani zai nuna halinsa. Akwai marowaci: wutarsa ƙarama kamar ƙwayar gero, yana narkar da abin da ke gindinsa kaɗai, ya bar katangar kaki a kewaye, ya yi ta haƙa rijiya har ya faɗa ciki ya nutse. Akwai almubazzari: wutarsa doguwa, tana rawa ba kiɗa, kansa ya ɗaura baƙin rawani na gawayi, bakin gwangwani ya yi baƙi ƙirin, gwangwanin kansa ya ƙi taɓuwa. Wannan zai cinye dukiyar sati a dare biyu, ya bar wa silin tabo na tunawa. Sai mai hankali, wanda wutarsa ke tsaye cikin natsuwa kamar tsawon gaɓar yatsa, narkakken kaki ya bazu a hankali har ya taɓa bango ko'ina, zurfinsa bai wuce santimita ɗaya ba. A ƙiyasin masu sana'a, kowane santimita biyu da rabi na faɗin mazubi yana ɗaukar kusan awa guda kafin narkewa ta kai gefe.

Ba a naɗa mai hankali sarauta a zaman farko. Ana kashewa bayan awa huɗu, a bar shi ya daskare, a datse kai, a sake kunnawa washegari, haka har ƙasa. Dalili kuwa shi ne zafi yana taruwa yayin da wuta ke gangarawa cikin mazubi, sai lagwanin da ya yi ladabi a sama ya fito da wani hali a rabin ƙarshe. A nan ne kwalbar gilashi marar ƙwari take tsagewa. Idan akwai ƙaramin sikeli, a auna kyandir kafin kunnawa da bayan kashewa: wanda ya rage giram 16 cikin awa huɗu yana cin giram 4 a awa, ke nan kaki giram 120 zai kai kusan awa 30. Da wannan lissafi ake yanke farashi, da shi kuma ake ba mai saye amsa ba tare da rantsuwa ba.

Sai an daidaita kaki da lagwani ake shigo da turare, shi ma da awo: giram 6 zuwa 10 a kowane giram 100 na kaki. Fiye da haka kaki ba ya iya riƙewa, sai turaren ya kwanta a ƙasa ko ya taso sama, wanda kan iya kamawa da wuta. Turaren mai ake so, irin wanda aka yi don ya jure zafi. Na fesawa da duk mai ruwa a ciki ba sa auren kaki. Ana zubawa bayan an sauke tukunya, a juya na minti biyu. Sha'awar ƙawata saman kyandir da kajiji, kanumfari ko busasshen fure tana da ƙarfi, amma kowane ɗan itace a cikin narkakken kaki lagwani ne na biyu mai jiran ranarsa. Wurinsu kasko ne. Shigowar turare takan canza yadda lagwani ke ci, saboda haka gwajin awa huɗun nan sai an maimaita shi. Farafin yana kama ƙamshi cikin 'yan kwanaki, kakin waken suya kuwa yana son sati ɗaya zuwa biyu.

Hancin mai haɗawa ba ya shaida, domin bayan awa guda cikin ƙamshi ya daina ji. Sai an nemo alƙali daga waje. Mahaifiya ba ta dace ba, komai ɗanta ya yi mai kyau ne. Mai mura lokacin hunturu shi ma a ɗaga masa, haka kuma ba a zaman shari'a ranar da ake soya kifin Binuwai a gidan. Alƙalin ƙwarai ita ce maƙwabciyar nan da ba ta ɓoye magana: a shigo da ita ɗakin ba tare da an gaya mata komai ba, idan ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi wane turare aka sa, an ci jarrabawa. Idan ta tambayi me ke ƙonewa, a koma littafi. Kyandir mai ƙamshin sitronel yana da daɗi, amma kariyar da yake bayarwa daga sauro kaɗan ce, kada ya sa a naɗe gidan sauro da damina.

Batun gobara kuwa ba ya ɗaukar wasa. Kakin da ya kama wuta a tukunya ba a watsa masa ruwa, domin ruwan zai tarwatsa shi ya fantsama da wutar; murfi ake kifawa a kashe murhu. Ana ɗora kyandir a faranti mai yashi, nesa da labule, gidan sauro, zana da hannun yara, ba a kuma barinsa yana ci a fita ko a yi barci. Idan saura santimita ɗaya a gindi, aikinsa ya ƙare.

Sakamakon da aka samu a sanyin Janairu ba lallai ya tsaya a zafin Afrilu ba, haka kuma duk ranar da aka canza mai kawo kaki daga Ngaundere, ko aka koma wani girman gwangwani, gwaji ya dawo farko. Kyandir ba ya shiga kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, balle ɗakin amarya, sai ɗan'uwansa na zubi ɗaya ya ci daga sama har ƙasa a gaban wanda ya haɗa shi.