Masu Gardama, Ku Zo a Auna

Na san ku. Ku ne masu cewa asid sai ya yi tsami ko ya ƙone fata, in ba haka ba ruwa ne kawai. To tun 1923 wani Ba'amurke, Gilbert Lewis, ya rushe muku wannan magana. A wurinsa asid shi ne duk abin da ke da gurbin karɓar ilektiron biyu, kishiyarsa kuma mai bayar da su. Gas ɗin BF3 ko ɗigon haidirojin babu a jikinsa, amma boron ɗin da ke tsakiyarsa ilektiron shida gare shi maimakon takwas, don haka yana da gurbin karɓar biyu, wato asid ne.

Mai bayarwar fa? Naitiril, wato sinadarin da ke da kabon da naitirojin ɗaure da juna sau uku, irin su asetonaitiril da HCN. E, HCN ɗin nan da ya sa ake jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci. Naitirojin ɗinsa na da ilektiron biyu zaune ba aiki, su yake miƙa wa boron.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Malam, ɗauri ko akwai ko babu, ina wani abin mamaki?" Yauwa, kai nake jira. A 1993 Kenneth Leopold da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota sun auna tazarar boron da naitirojin a haɗin HCN da BF3. A gas, inda kowane haɗi ke shawagi shi kaɗai, angistirom (ma'aunin irin wannan 'yar tazara) 2.47 ce, BF3 kuma yana nan kusan a shimfiɗe kamar ba a taɓa shi ba. Da haɗin ya daskare, tazarar ta koma 1.64, fulorin ukun da ke jikin BF3 suka lanƙwashe baya. Na asetonaitiril ma haka, daga 2.01 zuwa 1.63.

Miji da mata a wurinmu cikin jama'a suke nesa-nesa saboda kunya. Waɗannan marasa ta-ido sai an taru suke rungumar juna. Dalili kuwa, haɗin na da gefe mai cajin lantarki da gefe mai akasinsa, maƙwabta kuma na ƙarfafa wannan rabuwar caji, sai naitirojin ya saki hannu sosai.

To faɗa mini, a gas ɗin akwai ɗauri ko babu? Ka yi shiru.

Mai cewa sai ya gwada da hannunsa kafin ya yarda, ya fara sallamar iyalinsa. BF3 hayaƙi yake yi da ya haɗu da danshin iska, HCN kuwa ba ya jiran a kai mutum asibiti.