Ladubban Shan Miyar Kuɓewa a New Orleans

A birnin New Orleans na Amurka, girkin Kiriyol, wato abincin da ya samo asali daga cuɗanyar Faransawa da Sifaniyawa da 'yan Afirka da aka kai bauta, ya kai matsayin da sai mutum ya yi shiri kafin ya tunkare shi. Gidan abinci na Galatoire's, wanda aka buɗe a titin Bourbon a 1905, ya sharɗanta wa maza sanya kwat da yamma, kuma ya shekara da shekaru ba ya yarda a kama wuri tun kafin a zo a zaurensa na ƙasa, lamarin da ya sa attajirai suka riƙa biyan wasu su tsaya musu a layi domin abincin ranar Juma'a, wanda kan kai har almuru. Bayan duk wannan ɗawainiya, abin da ake ajiye wa baƙo shi ne gumbo, miyar da akan haɗa da kuɓewa da jatan lande a ci da shinkafa. Kuɓewar dai asalinta Afirka ne, ba ta san girman kowa ba, kuma kwat ɗin attajiri ne kan fara shaida hakan.