Dogon Kunne Ba Hali Ba Ne

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, masu tsara irin wannan wasa ke ta fama su bambanta jinsunan halittunsu. Wannan a ja masa kunne, wancan a rage masa tsawo a ƙara gemu, amma da sun buɗe baki duk mutum ɗaya ne.

Ina ma su zo Kaura Namoda ko Zurmi da tashe. Yaro ya manna gemun auduga, ya duƙa kan sanda, ya yi tari biyu, shi ke nan an samu tsoho. Gizo kuwa ko kayan wasa bai buƙata: tsamin bakin nan kaɗai, kowa ya janye kwanon tuwonsa.