Yadda Ake Gane Mutum "Pliable"

Gyara zama, kalmar ba ta da wuya. Turawan Ingila sun aro "pliable" daga Faransanci, daga "plier", wato lanƙwasa ko ninkewa, ita kuma ta gangaro ne daga "plicare" na Latin. Daga wannan tsatson sunan fulaya ya fito, wadda bakanike ke murɗe waya da ita. In ka taɓa riƙe fulaya, ka san rabin darasin: akwai mai lanƙwasawa, akwai abin da ake lanƙwasawa. Kalmarmu ta na biyun ce.

Fara da fata. Je majema a Kano, ka karɓi fatar akuya wadda ta sha ruwan bagaruwa, aka shafe ta da mai. Ninke ta gida huɗu. In ba ta tsage ba, ba ta yi ƙara ba, Bature zai ce da ita "pliable", kuma yabo ne.

Yanzu koma kan ɗan Adam. Gwajin ɗaya ne, sai dai ba a sa hannu. Samu mutuminka da tsakar rana cikin bazara, ka ce, "Malam, yau ana rana." Zai ce, "Ƙwarai kuwa." Wannan ba ya cikin lissafi, domin ana ranar. Jira minti 5, ka ce, "Kai, hadari ya haɗo." Nan ka sa ido sosai. In ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya amsa, sallame shi, busasshiyar fata ce. In ya ce, "Ni ma tun ɗazu nake jin ƙamshin ruwa," ninki na farko ya samu.

Kada ka yi gaggawa, saura mataki mafi muhimmanci. Kira wani ya zo ya ce hazo ne ya sauko. Mai biyayya zai tsaya a kan hadarinka, domin ubangida ɗaya gare shi. Shi kuwa "pliable" nan take zai fara neman man leɓe. Hannun da ya riƙe shi a ƙarshe, shi ke da shi. John Bunyan ya san wannan tun 1678: a littafinsa The Pilgrim's Progress akwai wani mai suna Pliable, wanda ya bi wani matafiyi don ya ji labari mai daɗi, da suka faɗa taɓo kuwa sai ya fita ta ɓangaren da ya fi kusa da gidansa.

Saboda haka kada ka fassara ta da "mai ladabi" ko "mai sauƙin kai", kada kuma ka sa ta a takardar shaidar wanda kake ƙauna. In jaridar Ingila ta kira alƙali ko majalisa da wannan suna, ba yabo take yi ba. "Raƙumi da akala" ya yi kusa, sai dai raƙumi yakan gurfana ya ƙi tashi. "Ɗan amshin Shata" ma ya yi kusa, amma shi Shata ɗaya yake yi wa amshi.

In ka gama gwajin, kada ka tafi ka bar bawan Allah a ninke, ba ya miƙewa da kansa. Matsa kusa da shi ka ce, "Malam, rana ta dawo," ka tabbata kai ne na ƙarshe da ya yi masa magana kafin ya isa gida.